Wuta da auduga: yadda malaman ƙarni na 11 zuwa na 15 suka raba yaƙini da zato

Littafin aƙida na Najmuddin Annasafi, malamin Samarƙand da ya rasu a 1142, bai buɗe da siffofin Allah ba. Ya fara ne da cewa abubuwa suna da haƙiƙa tabbatacciya, kuma saninsu abu ne da ke samuwa, saɓanin abin da Sufasɗa'iyya, wato masu musun haƙiƙar abubuwa ko yiwuwar saninsu, suke faɗa. Me ya kawo wannan magana ƙofar littafin tauhidi? Malaman kalam, wato masu kafa aƙida da hujjar hankali, a kan duniyar da ido ke gani suke kafa hujjarsu: duniya tana sauyawa, duk mai sauyawa fararre ne, fararre kuwa sai da wanda ya fare shi. To in wani ya tsaya ya ce ba a ma tabbatar akwai duniyar ba, ko kuma ba a iya saninta, hujjar ta faɗi tun a matakin farko.

Sa'aduddin Attaftazani, wanda ya yi wa littafin sharhi, ya kasa masu wannan musu gida uku. Akwai Inadiyya, masu cewa babu wata haƙiƙa sam, duk abin da ake gani riya ce kawai. Akwai Indiyya, masu cewa gaskiya tana bin ƙudurin mutum, in ka ƙudurta abu fararre ne to fararre ne, in ka ƙudurta daɗaɗɗe ne to haka yake. Sai La'adriyya, masu cewa muna shakka, muna ma shakkar cewa muna shakka. Maganin da ya rubuta musu gajere ne: ba a muhawara da irinsu, tunda ba su yarda da wani sanannen abu da za a taka a kai ga wanda ba a sani ba, sai dai a kanga musu wuta, ko su amsa ko su ƙone. Ibn Sina ya riga ya faɗi makamancin haka a kan mai musun cewa abu da kishiyarsa ba sa haɗuwa: a doke shi, tunda a wurinsa duka da rashin duka ɗaya ne.

Wannan gatse ne, bai warware komai ba. Kuma a wancan zamani babu wata makarantar masu shakka a Bagadaza ko Paris mai malamai da almajirai irin wadda aka yi a tsohuwar Atina. Shakkar da ta motsa falsafar lokacin daga cikin gida ta fito, daga bakin masu imani da suke son sanin nauyin kowace hujja kafin su jingina da ita. Matsaloli biyu ne kuma da ake yawan cakuɗawa. Ta farko: wa zai wanke hankali idan aka tuhume shi? Ta biyu: me ido ke gani a zahiri idan muka ce wannan ne ya jawo wancan?

Alƙalin da babu na sama da shi

Ta farkon, babu wanda ya tsara ta daki-daki kamar Imam Gazali, wanda aka haifa a Ɗus a 1058, ya rasu a 1111. Ya rubuta labarin ne a cikin Almunƙizu minad Dalal yana da shekara hamsin da ɗoriya, amma abin a ƙuruciyarsa ya faru. Masu karatu da yawa suna haɗa shi da ciwon da ya kama harshensa a 1095, har ya bar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza. Abu biyu ne daban. Na 1095 tambaya ce a kan niyya da neman duniya, wancan kuwa tambaya ce a kan ko ana iya sanin wani abu.

Ya fara da kafa mizani. Ilimin yaƙini, in ji shi, shi ne wanda abin da aka sani ya bayyana har babu sauran kafar kuskure, ta yadda ko wani ya mai da sanda maciji a gabanka don ya nuna maka uku ta fi goma, za ka yi mamakin yadda ya yi, amma ba za ka bar sanin cewa goma ta fi uku ba. A lura da tsananin wannan sharaɗi, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso: ko abin al'ajabi bai isa ya girgiza shi ba.

Da ya duba abin da ke hannunsa, sai ya ga abu biyu ne kawai suke kama da cika sharaɗin, wato abin da gaɓɓai suka riska da abin da hankali ya sani dole. Ya fara da ido, mafi ƙarfin gaɓɓai. Ka dubi inuwa, za ka rantse a tsaye take. Ka dawo bayan awa guda, ta gusa, kuma ba tsalle ta yi ba, tafiya take a hankali tun kana kallonta. Ka dubi tauraro, girmansa kamar na dinari, alhali lissafin masana taurari ya nuna ya fi ƙasa girma. A duka biyun ido ya yanke hukunci, hankali ya zo ya soke shi.

Har nan babu wani abin tsoro, domin hankalin da ya kama ido da kuskure yana nan daram, da saninsa cewa goma ta fi uku, kuma eh da a'a ba sa haɗuwa a abu ɗaya. Sai Gazali ya ba gaɓɓai baki suka yi magana. Suka ce: dā mu ka amince wa, sai alƙalin hankali ya zo ya ƙaryata mu, da bai zo ba da har yanzu kana tare da mu. Me ya tabbatar maka babu wani alƙali a sama da hankali, wanda in ya bayyana zai ƙaryata shi kamar yadda ya ƙaryata mu? Rashin bayyanarsa bai nuna babu shi ba. Ya ƙarfafa wannan da mafarki: mai barci yana gaskata duk abin da yake gani, ba ya shakka ko kaɗan, sai ya farka. Wa ya ce babu wani hali da farkawarmu take zama barci in aka gwada ta da shi?

Abin da ya sa wannan mataki ya fi na farko haɗari shi ne ba a iya fita daga cikinsa da dalili. Kowane dalili ana gina shi ne da waɗannan ilmummuka na dole, su ne kuwa ake tuhuma. Kamar mai awo ne da aka ce mudunsa ba cikakke ba ne, sai ya ɗauko wannan mudun ya sake aunawa don ya wanke kansa. Gazali ya ga haka sarai, bai kuma yi ƙaryar ya samo wata hujja ba. Ya ce ya zauna wajen wata biyu a kan mazhabar Sufasɗa'iyya a halinsa, ko da yake ba a furucinsa ba, har Allah ya warkar da shi, ilmummukan dole suka dawo abin dogaro, ba da tsara dalili ba, sai da wani haske da Allah ya jefa a ƙirjinsa.

Wasu suna karanta wannan a matsayin gudu daga hankali. Karatun bai yi adalci ba, domin abin da hasken ya dawo masa da shi shi ne amincewa da hankali, kuma da shi ya ci gaba da rubuta littattafan mandiƙi. Abin da ya tabbatar dai shi ne tushen dalili ba a kafa shi da dalili. A ɓangaren Kiristoci, babban malaminsu Augustine ya riga ya nemi wata mafita tun a 386 a raddinsa ga masu shakka, daga baya ya taƙaita ta da cewa in ina kuskure to ai akwai ni. Magana ce mai ƙarfi, amma abin da take bayarwa kaɗan ne. Ta ba ka samuwar kanka, ba ta ba ka inuwa ko tauraro ba.

Me ido ya gani da auduga ta kama?

Matsala ta biyu ta fi ta farko tasiri a aikace, kuma sai an san abin da Ibn Sina ya gina kafin a gane abin da aka kai wa hari. Shi a wurinsa akwai hanyar sani da ya kira tajriba, kuma misalinsa saƙmuniya, wani maganin wanke ciki da likitocin lokacin suke amfani da shi. An ba mutum, ya yi gudawa ya fitar da ɗacin maɗaciya. An sake, an sake, haka ake samu. Maimaicin kaɗai bai isa ba, in ji shi, sai an haɗa da wani ƙiyasi da ke ɓoye a zuciya: abin da ke faruwa kullum ko galibi ba dace ba ne, saboda haka akwai wani abu a ɗabi'ar maganin da ke jawo haka. Idan sababi ya cika kuma babu abin da ya tare, dole sakamako ya biyo.

Wannan kalma ta dole ita Gazali ya kama a mas'ala ta 17 daga cikin 20 na Tahafutul Falasifa, littafinsa na raddi ga masana falsafa, wanda ya kammala a 1095. Ɗauki auduga ka kai ta jikin wuta. Ta yi baƙi, ta zama toka. Me ka gani? Ka ga haɗuwar, ka ga ƙonewar. Ka ga ƙonewa ta faru a lokacin haɗuwa. Ba ka ga cewa wutar ce ta aikata ba, ba ka kuma ga cewa babu wani mai aikatawa sai ita ba. Ya kawo misalin makahon da aka haifa da yana a ido, bai taɓa jin labarin dare da rana ba. Aka cire masa yanar da tsakar rana, ya ga launuka, sai ya ƙudurta buɗe ido ne ke kawo gani. Ba zai gane akwai hannun hasken rana a ciki ba sai ta faɗi. Mu kuwa, wa ya sani ko akwai abin da bai taɓa faɗuwa ba a rayuwarmu, shi ya sa ba mu taɓa lissafa shi ba?

Manufarsa a fili take, yana kare yiwuwar mu'ujiza, kamar wutar da ba ta ƙona Annabi Ibrahim ba. Amma ya san abin da za a jefe shi da shi, har ya rubuta shi da kansa, da ban dariya. In haka ne, wanda ya bar littafi a gida kada ya ce ya san abin da zai tarar. Wataƙila littafin ya zama doki, ya ɓata ɗakin karatu da fitsari da kashi. Amsarsa ita ce: mai yiwuwa daban, mai faruwa daban. Allah yana halitta mana sanin cewa ba zai aikata waɗannan ba ko da yake suna yiwuwa, kuma maimaituwar al'ada tana kafa wannan sani a zuciya. Ya ma ƙara da wata hanya ta biyu ga wanda ya nace cewa wuta tana da ɗabi'ar ƙonawa: a yarda da haka, amma ana iya samun abin da zai tare aikinta, kamar mutumin da ya shafe jikinsa da ma'adinin ɗalƙu ya shiga tanderu. Wanda bai taɓa gani ba, zai ƙaryata.

Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mai da martani layi bayan layi a Tahafutut Tahafut. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce abubuwa da ayyukansu ake bambanta su. In wuta ba ta da aikin da ya keɓanta da ita, to me ya sa ake ce mata wuta, me kuma ya raba ta da ruwa? Sani shi ne sanin sabubba, wanda ya kawar da sabubba ya kawar da hankali. Sai ya matsa a kan al'adar nan: al'adar wa? In ta Allah ce, al'ada abu ne da ake samu ta hanyar maimaici, Allah kuwa ba ya sabawa da abu. In ta abubuwan ce, ai ita ce ɗabi'ar da kuke gudu. In tamu ce wajen yin hukunci, ai aikin hankali ne.

Wannan tambaya ta uku-uku ta kama Gazali a wuri mai taushi. Amma a kan ainihin batun, Ibn Rushd bai nuna cewa ido yana ganin dole ba. Ya nuna ne cewa in babu ita ilimi zai yi tsada, wannan kuwa bai zama hujjar cewa akwai ta ba.

Paris, bayan 1277

Turawan da ke karatu da Latin sun san Gazali da sunan Algazel, kuma abin dariya, sun ɗauke shi almajirin Ibn Sina, saboda littafinsa da aka fassara a Toledo a ƙarni na 12 shi ne Maƙasidul Falasifa, inda ya tsara ra'ayoyin masana falsafa kawai, kuma yawancin kwafe-kwafen babu gabatarwar da ya bayyana nufinsa. Tasu shakkar ta wata ƙofa ta shigo. A ranar 7 ga Maris 1277, bishop ɗin Paris, Etienne Tempier, ya haramta koyar da maganganu 219, da yawansu masu taƙaita ikon Allah ne da dokokin Arisɗo, masanin falsafar Girka, kamar cewa ba zai iya halittar duniya fiye da ɗaya ba. Daga nan ƙa'ida ɗaya ta yi ƙarfi a makarantu: duk abin da babu karo da juna a cikinsa Allah yana iya yin sa, kuma duk abin da yake yi ta hanyar sababi yana iya yin sa kai tsaye.

Kai wannan ƙa'ida kan gani ka ga abin da zai fito. William na Ockham, wanda ya rasu a 1347, ya yarda cewa Allah yana iya shafe tauraro ya bar ganinsa a idonka, tunda ganin abu ne daban, tauraron ma abu ne daban. Ya yi ƙoƙarin toshe ɓarakar da cewa irin wannan gani ba zai ba ka sani bayyananne na ƙarya ba, amma ya amsa cewa Allah yana iya jefa maka gaskatawar cewa abin da ba ya nan yana nan. Daga ciki kuwa mutum ba shi da alamar da zai raba su.

Nicholas na Autrecourt ne ya bi zaren har ƙarshe, a wasiƙun da ya rubuta wa wani malami, Bernard na Arezzo, waɗanda biyu suka saura. A ta farko ya ce masa: in ganinka na fari bai tabbatar da akwai farin ba, to ba ka san ko kana da kai ko gemu ba, ba ka san ko akwai Fafaroma ba. Shi Nicholas ya zaɓi ya riƙe cewa abin da ya bayyana ga gaɓɓai sarai gaskiya ne, don haka kiransa mai shakka kai tsaye bai dace ba. A ta biyu ne ya yi ɓarnar. Ban da yaƙinin imani, in ji shi, babu yaƙini sai ƙa'idar cewa abu da kishiyarsa ba sa haɗuwa, da abin da za a iya mayarwa gare ta. Yaƙini kuma ba shi da hawa-hawa. Hujja tana komawa ga ƙa'idar ne idan sakamakon yana cikin abin da aka gabatar. Tunda abu biyu daban-daban ne, ba karo ba ne a ce akwai ɗaya babu ɗayan, saboda haka daga samuwar wani abu ba a ciro samuwar wani da yaƙini. An kusantar da wuta ga zaren kittani, babu abin da ya tare, don haka zai ƙone: wannan, a wurinsa, ba hujja bayyananniya ba ce. Har ya ce Arisɗo bai taɓa samun sani bayyananne na wani jauhari, wato abin da ke tsaye da kansa, ba in ba ransa ba. An yanke masa hukunci a fadar Fafaroma Clement na 6 a Avignon a 1346, ya ƙona rubuce-rubucensa a bainar jama'a a Paris a Nuwamba 1347. Bai lalace ba dai, ya ƙare da muƙami a babban cocin Metz.

Amsar da ta fi amfani daga John Buridan ta zo, wanda ya shugabanci jami'ar Paris a 1328 da 1340. Bai yi musun cewa Allah yana iya ruɗar da gaɓɓai ko hana wuta ƙonawa ba. Abin da ya ƙi shi ne cewa yaƙini nau'i ɗaya ne. Akwai bayyana ta gaba ɗaya, irin ta ƙa'idar nan cewa abu da kishiyarsa ba sa haɗuwa, wadda babu ikon da zai sa ta zama ƙarya. Akwai bayyana bisa sharaɗin cewa al'amura suna tafiya yadda suka saba, kamar cewa kowace wuta tana da zafi, wannan ta isa ilimin ɗabi'a. Akwai kuma mafi rauni, wadda ta isa a yi aiki da ita: alƙalin da ya bincika iyakar ƙoƙarinsa, shaidu da takardu suka nuna mutum ya yi kisa, ya yanke masa hukunci, bai yi laifi ba ko da mutumin waliyyi ne. Kuskuren Nicholas, a wannan karatu, shi ne neman yaƙinin lissafi a inda ba a taɓa yin alƙawarinsa ba.

Wanda ya yi karatun tauhidi a zaure zai ji wannan ba baƙo ba ne. Shehu Sanusi na Tilimsan, marubucin Ummul Barahin, wanda ya rasu a 1490, ya raba hukunci uku: na shari'a, na al'ada, na hankali. Na hankali ya kasu zuwa wajibi da mustahili da ja'izi, kuma ba ya jiran maimaici. Na al'ada kuwa shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu da abu ta hanyar maimaituwa, tare da yiwuwar saɓawa, ba tare da ɗaya ya yi tasiri a ɗayan ba. Wuta da ƙonewa, ci da ƙoshi, wuƙa da yanka, duk a nan aka ajiye su. Mas'ala ta 17 ce aka matse ta a layi biyu don almajiri ya haddace. Bambancinsa da Buridan shi ne ƙarshen ta'arifin, domin Buridan ya bar wa wuta aikinta, Sanusi bai bar mata ba. A cikin musulmi ma ba kowa ya bi Ash'ariyya, makarantar aƙidar su Gazali da Sanusi, a nan ba. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya riƙe cewa Allah ya sanya ƙarfi na gaske a cikin sabubba.

Akwai dai abin da rabon nan bai taɓa ba, ko na Sanusi ko na Buridan. Ya gaya maka darajar hukuncin al'ada, bai gaya maka yaushe maimaici ya isa a kafa shi ba, ko yadda za ka gane ka ɗaure abu da abin da ba shi ne abokin tafiyarsa ba. Ibn Sina ya fi su kula da wannan. A Kitabul Burhan ya ƙaddara mutumin da bai taɓa ganin kowa ba sai baƙar fata, ya tambaya ko tajriba za ta sa shi yanke cewa duk ɗan Adam baƙi ne. In ta sa shi, ta ba da ƙarya. In ba ta sa shi ba, me ya raba ta da ta saƙmuniya? Amsarsa ita ce tajriba ba ta ba da hukuncin da ya game komai, sai mai sharaɗi: wannan irin abu, a wannan yanki da aka yi ta gwadawa, yana ba da kaza matuƙar babu abin da ya tare. Mutumin nan abin da ya sani shi ne iyaye irin waɗannan a ƙasa irin wannan suna haifar 'ya'ya irin waɗannan. Likitan ma haka, saƙmuniyar ƙasarsu ya sani, kuma Ibn Sina bai kore yiwuwar a samu wata ƙasa da yanayinta zai sa maganin ya kasa wanke ciki ba.